Me ya sa jel ɗin niyosom mai jentamaisin yake tsinkewa, kuma zai iya maye gurbin allura?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin haɗa magunguna a nan Sakkwato, ina binciken digiri na biyu. Na haɗa niyosom da Span 60 da kolestarol, na sa jentamaisin, na jiƙa da ruwan gishirin fosfet kamar yadda na gani a takardu. Ina zuba shi cikin jel ɗin Carbopol sai ya tsinke ya koma ruwa, har da farin gudaji-gudaji. Sau uku ke nan. Ina kuskuren yake? Sannan a gabatarwar aikin na rubuta cewa irin wannan jel zai iya maye gurbin allura ga masu ciwon fata. Wani malami ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, bai ce komai ba. Ashe ba haka ba ne?"

Wa alaikumus salam Malama. Tambayoyi biyu kika haɗa a saƙo ɗaya: me ya karya jel ɗin niyosom ɗinki, wato 'yan jakunkunan maiƙo da ake rufe magani a cikinsu, da kuma ko maganin shafawa zai yi aikin wanda aka soka da allura. Ta farkon ce ke hana ki barci, amma ita ce mai sauƙi, cikin yini ɗaya za ki kamo bakin zarenta. Ta biyun ta fi nauyi, domin ita ke faɗa miki abin da za ki auna da abin da za ki kira nasara. Malamin da ya ja layin nan yana da gaskiya, don haka da ita zan fara.

Katangar da ake son ketawa

Ba kaurin fata gaba ɗaya ne ke tare magani ba. Wani siririn ɓawo ne a can sama, na matattun ƙwayoyin halitta, kaurinsa maikiromita 10 zuwa 20 a yawancin jiki, bai kai kaurin silin gashin kai ba. Ki ɗauke shi kamar ginin tubali. Matattun ƙwayoyin su ne tubalan, jere kan jere wajen hawa 15 zuwa 20, maiƙon da ke tsakaninsu kuma shi ne kwaɓin da ya riƙe su: seramaid da kolestarol da asid na kitse. Magani ta cikin kwaɓin yake kurɗawa, yana kewaye tubalan ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai wuce sai ya kasance ƙarami, nauyinsa ƙasa da dalton 500 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari), yana ɗan son maiƙo yana ɗan son ruwa, kuma ba ya ɗauke da caji.

Jentamaisin, maganin kashe bakteriyar da kika ɗauka, da ƙyar ya tsallake sharaɗin nauyi, yana tsakanin dalton 450 da 480. Sauran biyun kuwa ya faɗi warwas: ruwa kaɗai yake so, kuma yana da wurare biyar a jikinsa masu ɗaukar caji na fozitib. A lafiyayyar fata kusan a bakin ƙofa yake tsayawa. Eritiromaisin, mai dalton 734, da bankomaisin, mai kusan 1449, su tun a sikeli aka mayar da su.

Idan fatar ta ƙone ko ta zama gyambo, magana ta juya. Katangar ta rushe, magani na shiga babu shamaki, ruwan ciwo na wanke shi cikin sa'o'i kaɗan, kuma in ƙunar mai faɗi ce abin da ke shiga jini zai iya taɓa ƙoda da kunne. A nan aikin niyosom riƙe maganin ne ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. To sai ki zauna ki yanke wace fata kike yi wa aiki, mai katanga ko wadda katangarta ta faɗi, domin gwajinsu daban ne. Tunda jentamaisin kika ɗauka, ki cire ƙurajen fuska daga lissafi. Ƙwayar da ke da hannu a cikinsu, Cutibacterium acnes, tana zaune ne inda babu iska, shi kuwa jentamaisin sai da iskar oksijin yake shiga cikin ƙwayar cuta. Filinsa shi ne ƙananan raunuka da suka kamu da Staphylococcus aureus, da ƙuna mai Pseudomonas aeruginosa.

Lissafin da ya hana jel zama allura

Ɗauki mutum mai nauyin kilo 60. In an ba shi miligiram 5 a kowane kilo, yana buƙatar miligiram 300 na jentamaisin a jininsa kowace rana. Man jentamaisin na shafawa kashi 0.1 cikin 100 ne, wato miligiram 1 a kowane giram. Ke nan sai ya shafe giram 300 na jel a yini, kuma kowane ɗigo ya ratsa fata ya isa jini, abin da ba ya faruwa. Ki gwada da filastar nikotin da masu son barin taba ke mannawa. Nikotin dalton 162 ne kacal, fata na karɓarsa hannu bibbiyu, amma filasta mafi ƙarfi miligiram 21 take bayarwa a sa'o'i 24. Magungunan da suka yi nasara ta hanyar fata zuwa jini duk masu ƙaramin awo ne. Magungunan kashe bakteriya kuwa da ɗaruruwan miligiram ake maganarsu.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ɗan abin da zai tsiyaya cikin jini bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba, sai dai ya koya mata jure maganin. Jentamaisin kuwa yana cikin abin da ake dogara da shi in jariri ya kamu da cutar jini. Saboda haka a aikinki, ƙarancin abin da ya ratsa zuwa ƙasan fata sakamako ne mai kyau. Abin nema shi ne magani ya taru a cikin fatar, inda ciwon yake, ya daɗe a can. Ki gyara jimlar ta koma haka. Maruru mai mugunya kuma sai an tsaga an fitar, domin mugunya na da tsami da ƙarancin iska, duka biyun suna rage wa jentamaisin kaifi. Ciwon da ya bazu cikin nama, da ja da kumburi da zazzaɓi, na sha ne ko na allura, babu jel da zai kai can.

Abin da 'yan jakunkunan ke yi a zahiri

Niyosom da 'yan uwansa, lifosom da taransfasom da etosom, dukansu gini ɗaya ne: bango mai ninki biyu na maiƙo, ya zagaye ɗigon ruwa. Maganin da ke son ruwa yana zama a tsakiya, mai son maiƙo yana shiga cikin bangon. Wasu bango ɗaya gare su, wasu ninki kan ninki kamar albasa. Alec Bangham ne ya fara bayyana lifosom a Ingila cikin shekarun 1960, a 1980 kuma Mezei da Gulasekharam suka fara gwada shi a fata. Niyosom kamfanin L'Oréal ne ya fito da shi a shekarun 1970 don kayan kwalliya, aka maye fosfolifid, maiƙon da ake gina lifosom da shi, da sinadarai irin su Span, waɗanda suka fi araha kuma suka fi jure ajiya. Gregor Cevc ya kawo taransfasom a farkon shekarun 1990, mai laushin bango saboda an ƙara masa abu irin Tween 80. Elka Touitou kuma ta kawo etosom, mai etanol kashi 20 zuwa 45 cikin 100.

Zanen da ake yawan sawa a takardu, na 'yar ƙwallo tana ratsa fata lafiya lau har ta sauke kayanta a ƙasa, kada ki kwafe shi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kudancin Denmak sun duba fatar mutum da madubin da ke ganin abin da bai kai nanomita 100 ba, suka ga lifosom na fashewa tun a saman fata. Abin da ya fi dacewa da shaida shi ne jakar na narkewa cikin kwaɓin tubalan nan, ta sassauta shi, ta bar maganin a wurin ya zama rumbu. Wasu kuma suna gangarawa cikin ramin gashi su zauna, musamman in an murza. Ramukan gashi ɗan ƙaramin kaso ne na faɗin fata, amma nan ne Staphylococcus ke ɓuya, irin ƙurajen da ke fitowa a ƙeya bayan aski. Wannan ya ishe ki hujjar aiki, ba sai kin ƙara gishiri ba.

Zaɓinki na niyosom ɗin Span 60 ya dace da garin nan, zan dawo kan dalili. Etosom yana raɗaɗi a buɗaɗɗen rauni. Taransfasom kuma an gina shi a kan bambancin danshi tsakanin saman fata da cikinta, don haka in an rufe wurin da bandeji hujjarsa ta tafi.

Dalilin tsinkewar jel

Carbopol doguwar sarƙa ce ta asid, a nannaɗe take a cikin ruwa. In kin ɗiga tirayitanolamin kin kashe tsamin, sai kowace gaɓa ta sarƙar ta ɗauki caji na negetib, gaɓoɓin su riƙa ture juna, sarƙar ta miƙe ta kumbura ta riƙe ruwa. Kaurin da kike gani wannan turereniyar ce kawai. Duk abin da ya shiga tsakani ya kashe cajin, jel ya faɗi.

Ke kuma abu biyu kika aika masa lokaci guda. Ruwan gishirin fosfet yana ɗauke da gishirin girki giram 8 a kowace lita, ban da sauran gishirin da ke ciki. Wannan kaɗai ya isa ya tsinka Carbopol. Na biyu shi ne jentamaisin da bai shiga jaka ba, wanda a irin wannan haɗi shi ne mafi yawa. Da cajinsa biyar yake kama sarƙoƙin Carbopol ya ɗaure su wuri ɗaya, su dunƙule su fito daga ruwa. Farin gudajin nan su ne. Asarar biyu ce, jel ya tafi, maganin da aka ɗaure a gudajin kuma ba zai saku ya yi aiki ba.

Daga nesa nake magana, don haka ki tabbatar da idonki. Ki zuba giram 2 na jel mara magani a ƙananan kwalabe huɗu. Ta farko ki sa rabin mililita na tataccen ruwa, ta biyu ruwan gishirin fosfet, ta uku jentamaisin da aka narka a tataccen ruwa, ta huɗu niyosom mara magani da aka jiƙa da tataccen ruwa. Ki juya kowace da tsinken gilas, ki kifa su. Ta farko da ta huɗu za su tsaya a gindin kwalba. Ta biyu za ta gangaro tana nan garau, ta uku za ta gangaro da fari-fari a ciki. Ki ɗauki hotonsu, shafi guda ne mai kyau a kundinki.

Kada ki ƙara Carbopol don ki rufe matsalar, maganin ne zai ƙara ɗaurewa. Ko kin wanke maganin da ke waje ta jakar dayalisis, wato siririyar matatar da ke barin magani ya fita ta riƙe jakunkunan, na cikin zai riƙa tsattsafowa a ajiya, jel ɗin ya yi ta saki mako bayan mako. Mafita ita ce ki bar Carbopol ki koma abin da ba shi da caji, HPMC ko HEC, garin kauranta jel da ake yi daga selulos. In kuma dole sai Carbopol, to maganin za ki canza.

Yadda za ki sake haɗin

Ki nemi garin jentamaisin salfet mai takardar shaida. Ruwan allurar nan na miligiram 80 a mililita 2 yana da abubuwan adanawa da za su rikita miki awo. Ki duba ƙarfin garin a takardar, domin ba dukansa ne magani ba: ƙa'ida ita ce kada ya gaza maikirogiram 590 a kowane miligiram. In kina son miligiram 20 na ainihin maganin, wajen miligiram 34 na garin za ki auna. Da yawa a nan suke zamewa, su gwada nasu da na kasuwa alhali nasu bai kai ƙarfin da suka rubuta ba.

Ki auna Span 60 miligiram 86 da kolestarol miligiram 77, wato maikiromol 200 kowanne. Ki narka su a mililita 10 na kulorofom da metanol, biyu bisa ɗaya, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, ba a kan tebur ba. A na'urar busarwa mai juyi, ruwan wanka, wato ruwan ɗumin da kwalbar ke zama a ciki, a digiri 60, ki bar su har su kwanta a jikin kwalbar siriri sumul. In kin ga ya taru a gindi kamar ƙanzon tuwo, kin yi gaggawar zuƙe iska ko juyin ya yi kaɗan, ki sake narkawa. Ki bar kwalbar ta kwana a tukunyar busarwa, domin ragowar kulorofom da aka yarda da ita a magani kashi 60 ne cikin miliyan.

Washegari ki narka maganin a mililita 10 na tataccen ruwa, ki ɗumama shi zuwa digiri 60 ko 65 kafin ki zuba, ki ci gaba da juyawa a wannan zafin na kusan awa ɗaya. Bangon Span 60 ba ya laushi sai ya haura digiri 53, don haka ruwan sanyi ɓalle shi kawai zai yi ɓawo-ɓawo. In ya yi daidai za ki ga farin ruwa kamar madara, jikin kwalbar ya wanke tas. In wuta ta ɗauke a tsakiya ruwan wankan ya huce, ki mayar da zafin ki sake ƙirga lokacin daga farko. Daga nan ki sa shi a na'urar girgizawa da sauti don rage girman jakunkunan. In mai sanda ce ki riƙa yi kina hutawa, daƙiƙa 30 aiki daƙiƙa 30 hutu, saboda tana zafi. In ɗakin gwajinku ba shi da na'urar busarwa, ki narka Span da kolestarol a ɗan etanol mai ɗumi, ki riƙa ɗiga shi da sirinji cikin ruwan maganin mai zafi yana juyawa. Wannan hanyar ta raba ki da kulorofom ma.

Kada ki sa ran yawancin maganin zai shiga. Mai son ruwa iyakarsa ɗigon ruwan da jakar ta rufe, sau da yawa ba ya kai rabi. Ƙara dayisetil fosfet kamar miligiram 11 yana ba bangon caji na negetib ya jawo jentamaisin, amma in ya yi yawa jakunkunan za su manne da juna, irin abin da ya faru da Carbopol. Ni dai a jel mara caji ban ga dalilin zubar da maganin da ke waje ba. Shi zai fara aiki nan take, na cikin ya biyo baya. Ki dai auna kason kowanne ki rubuta.

Jel ɗin kuma ki haɗa shi da ninkin ƙarfin da kike so, domin za ki tsinka shi da ruwan niyosom ɗaya bisa ɗaya. In HPMC ne, ki barbaɗa garin a kashi ɗaya cikin uku na ruwan yana da zafi wajen digiri 80, ya watsu tukuna, sannan ki cika da ruwan sanyi ki sa a firji ya kwana. In kin zuba shi a ruwan sanyi kai tsaye zai yi gudaji irin na kunun da ba a dama da kyau ba, waje ya jiƙe ciki gari. Kashi 4 cikin 100 zai ba ki kashi 2 a ƙarshe, amma ki gwada, domin kauri ya danganta da lambar garin. Ki sa gilisarin kamar kashi 5 don kada ya bushe ya tsage a fata lokacin hunturu. Giram 10 na jel da mililita 10 na niyosom za su ba ki giram 20 mai ƙarfin kashi 0.1. Da cokalin gwaji za ki gauraya a hankali, injin markaɗe zai farfasa jakunkunan ya cika jel da kumfa.

Wata 'yar magana a gefe: kolestarol na kasuwa yawanci daga maiƙon gashin tumaki ake samunsa, asid ɗin da ke cikin Span kuma yana iya zama na tsiro ko na dabba. Ki ajiye takardar asalinsu, a garin nan za a tambaye ki.

Inda awo ke yaudara

Hanyar da aka fi bi wajen auna abin da ya shiga jaka ita ce a juya samfur a santirifuj, a auna maganin da ke ruwan sama, a cire daga jimla. Matsalarta, duk abin da ya ɓace sai a lissafa shi a matsayin wanda ya shiga. Jentamaisin kuwa yana manne wa gilas. Daga nan ake samun kashi 90 na ƙarya. Ki yi amfani da kwalaben roba, ki fasa abin da ya kwanta da aisofurofanol ko Triton X-100 ki auna shi kai tsaye, sannan ki haɗa na sama da na ƙasa ki ga ko sun dawo kusa da abin da kika zuba. Santirifuj ɗin kan tebur mai juyi 4000 a minti ba ya kwantar da ƙananan jakunkuna, gara dayalisis.

Jentamaisin ba ya shan hasken UV yadda za a auna shi kai tsaye, sai an haɗa shi da ninhaidirin ko makamancinsa ya ba da launi. To ninhaidirin da amino asid ma yake ba da launi, fata kuwa tana zubar da su cikin ruwan gwaji. In ba ki ajiye fatar da ba a shafa wa komai ba a gefe kina cire nata karatun, za ki ga "magani" ya ratsa alhali fatar ce kike aunawa. Auna shi ta hanyar hana tsiron bakteriya a faranti ya fi aminci a nan.

Girman jaka kuma madubin ɗakin gwaji na yau da kullum manya kaɗai yake gani, masu maikiromita ɗaya zuwa sama. Ba za ki rubuta nanomita da shi ba. Sai na'urar auna girma da hasken leza, inda ake son ma'aunin bambancin girma ya gaza 0.3. In za ki aika samfur wani gari, ki sa shi a kula da ƙanƙara a gefe, kada ya daskare kuma kada ya kwana a but ɗin mota. Ki auna kafin a sa a jel da kuma bayan an sa.

Gwajin fata a kwalbar Franz, mai kofi a sama da ruwa a ƙasa da ake ɗaure fata a tsakaninsu, shi ne zuciyar aikin. Fatar dayalisis saki kawai take nunawa, ba ta da katanga, don haka kada ki kira sakamakonta ratsa fata. A ƙasashen waje kunnen alade ake amfani da shi, mu nan fatar akuya ce a hannu, jar akuyar Sakkwato kuwa ba a rasa ta a mahauta. Ki karɓe ta da ɗuminta, kafin babbaka ko gishiri. Ki rage gashin da almakashi ko injin aski, ban da reza ko man cire gashi, domin su kan karce ɓawon da kike son gwadawa. Ki kankare kitsen ƙasa, ki naɗe a takardar alminiyom, ki daskare a digiri 20 ƙasa da sifili. Wadda ta narke ta sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta, ki zubar. Ki rubuta a fili cewa akuya ta fi mutum yawan ramin gashi, don haka lambobinki na gwada haɗi da haɗi ne, ba su faɗi abin da zai faru a jikin mutum ba.

Saman fatar ya zauna a digiri 32. A nan akwai abin da takardun waje ba sa faɗa: a Afrilu da Mayu ɗakin kansa ya haura haka, ruwan wanka kuwa ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. Ki yi gwajin a ɗaki mai na'urar sanyaya, ko ki tsara shi ya faɗo cikin hunturu. Ki duba kada kumfar iska ta maƙale a ƙarƙashin fatar. Ki shafa kaɗan, kamar miligiram 5 a kowane santimita murabba'i, ba ki cika kofin sama ba. Bayan sa'o'i 24 ki wanke saman, ki manna salatif ki ɓare sau 10 zuwa 15 don kwashe ɓawon sama, ki yayyanka sauran fatar ki tatso maganin. Lambobi huɗu za ki samu: na wanki, na ɓawo, na cikin fata, da na ruwan ƙasa. Na biyu da na uku su ne amsarki.

Duk wannan ba shi da ma'ana sai da abokan gwaji. Dole a jera jel mai magani ba jaka, jel mai jaka ba magani, jel mai jakar da babu komai ciki da aka zuba wa magani daga baya, da man kasuwa mai ƙarfi ɗaya. Na ukun nan shi ke tona asiri. In ya yi daidai da naki, to Span ne ya sassauta fata, rufe maganin a jaka bai ƙara komai ba. Wannan ma sakamako ne, ki rubuta shi. A farantin bakteriya kuma kada ki tsorata in da'irar jel ɗinki ta fi ta man kasuwa ƙanƙanta, abin da ke saki a hankali haka yake yi. Gara ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage a awa 2, 6, 12 da 24, da nau'o'in da aka sani irin su Staphylococcus aureus ATCC 29213 da Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853.

Zafin gari da iyakar abin

Gwajin ajiya na gaggawa ana yin sa a digiri 40 na wata shida, don a matsa wa magani lamba. A Sakkwato wannan ranar bazara ce kawai a kemis mai rufin kwano. Nan Span 60 ya fi lesitin ɗin waken soya da ake yin lifosom da shi, wanda bangonsa a narke yake tun a zafin ɗaki, kuma yakan yi warin tsohon mai in ya daɗe. Duk da haka ki ajiye samfura a digiri 4, da 30, da 40, ki riƙa auna girma da kason da ke cikin jaka da kauri da pH duk wata. In na digiri 4 kaɗai ya tsira, kin yi maganin da ba zai isa Illela ko Sabon Birni da ransa ba, sai ki duba furoniyosom, wanda ake ajiyewa kusan a bushe a jiƙa lokacin amfani.

Jentamaisin ba ya kashe fumfuna, don haka jel ɗin na buƙatar abin adanawa. Faraben, ɗaya daga abubuwan adanawa, yana shigewa cikin bangon jakunkunan ƙarfinsa ya ragu, sai kin gwada da gangan kin ga ko yana aiki. Abin da za a sa a buɗaɗɗen rauni kuma dole ya zama ba ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki. Tukunyar turara kaya don kashe ƙwayoyin cuta tana sauya jakunkunan, matatar maikiromita 0.22 kuma sai waɗanda suka fi ta ƙanƙanta take bari su wuce.

Ki kuma san inda fannin ya tsaya. Magungunan lifosom da suka yi suna wajen yaƙar cuta su ne AmBisome, na fangas da ake sawa ta jijiya, da Arikayce, amikasin na shaƙa da Amurka ta amince da shi a 2018. Babu na fata a cikinsu. Na fata da ya fara fita kasuwa, Pevaryl Lipogel a 1988, na fangas ne. Jel ɗin jakunkuna mai kashe bakteriya yawancin shaidarsa daga kwalbar Franz da ɓeraye take. Don haka abin da kika haɗa na ɗakin gwaji ne. Gwaji a dabba sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma kada ki ba kowa ya shafa, ko 'yar ɗakinku ce ta roƙa, domin jentamaisin na sa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata, musamman waɗanda niyomaisin ya taɓa yi wa haka.

A wannan makon ki yi gwajin kwalabe huɗun, ki nemo HPMC da garin magani mai takarda, sannan ki koma wurin malamin da ya ja layin da sabuwar jimla: manufar aikin ita ce ƙara yawan jentamaisin da ke zama a cikin fata, tare da rage wanda ke wucewa ƙasa, in an gwada da jel mai ƙarfi ɗaya wanda ba shi da niyosom.